Yadda Za Ka Rubuta Jerin Littattafan Matasa, Ka Wallafa da Kanka, Ka Kuma Sayar

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga wajen sababbin marubuta: «Na kammala littafina na farko, labarin matasa ne, kuma yana da ci gaba. Me zan yi yanzu?» Amsata kullum ita ce, dakata, kada ka fitar da shi tukuna. Marubucin da yake wallafa wa kansa ba da littafi na ɗaya yake samun riba ba. Na ɗaya ƙofa ce kawai. Abin da zai riƙe ka shi ne yawan waɗanda suka gama shi suka nemi na biyu, suka gama na biyu suka nemi na uku. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su, kuma yadda na jero su ɗaya bayan ɗaya yana da muhimmanci.

1. Tantance wanda kake rubuta wa

A kasuwar littattafai, labarin matasa na masu shekara 12 zuwa 18 ne, taurarinsa kuma galibi 'yan shekara 14 zuwa 18 ne. Yara sun fi son karanta labarin wanda ya ɗan girme su, don haka in 'yan shekara 14 kake nufi, ka ba tauraronka 16. Tsawon littafin yakan kama daga kalma 50,000 zuwa 80,000, labarin duniyar almara yakan ɗan zarce haka.

Ka kuma san cewa mai karatu daban, mai biyan kuɗi daban. Binciken da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun haura. Wasu don kansu suke saye, wasu iyaye ne, wasu malamai da ma'aikatan laburare. Saboda haka matashi za ka rubuta wa, amma yawancin tallarka manya za ta tarar.

Gargaɗi: kada ka ce littafinka «na kowa da kowa ne». Shagunan intanet rukuni-rukuni suke jera kaya, wanda bai zaɓi rukuni ba ba a san inda za a ajiye shi ba.

2. San ƙarshen labarin tun kafin ka yi nisa

Jerin littattafai iri biyu ne. Akwai labari guda dogo da aka raba kashi uku ko huɗu, wanda dole a bi shi daga farko. Akwai kuma wanda taurari ɗaya ne amma kowane littafi da matsalarsa, ana iya farawa daga ko'ina. Na farkon ya fi jan mai karatu zuwa littafi na gaba. Na biyun ya fi sauƙi in ka ga kasuwa ba ta karɓa ba kana so ka tsaya. Ga mai farawa, ni na fi ba da shawarar littafi uku. Uku ana iya ganin ƙarshensu, bakwai kuwa alkawari ne da mutane da yawa ba sa iya cikawa.

Ɗauki takarda ka amsa waɗannan kafin komai: wace babbar tambaya ce ba za a amsa ba sai a littafin ƙarshe? Wace ƙaramar tambaya ce kowane littafi zai amsa da kansa? Wane ne tauraron a shafin farko, kuma wane ne shi a shafin ƙarshe?

Ga misali. A ce tauraruwarka yarinya ce 'yar shekara 16 da yayanta ya ɓace daga makarantar kwana. Babbar tambaya: wa yake kwashe ɗalibai, kuma don me? Littafi na ɗaya ya amsa inda yayan yake, ta same shi da rai. Amma ya ƙi biyo ta gida. Ka ga an biya mai karatu haƙƙinsa, abin da aka sa shi nema an samu, sannan ga wata sabuwar damuwa da za ta hana shi barci. Wannan shi ne rufewa mai kyau.

Gargaɗi: yanke labari a daidai inda ya ɗauko daɗi, ba tare da an warware komai ba, dabara ce da take jawo fushi. Wanda ya sayi littafi cikakke ya tarar da rabi zai je ya rubuta haka a sharhinsa, kuma sharhin yana nan har abada a ƙarƙashin littafin.

3. Buɗe kundin labari

Wannan littafin rubutu ne ko fayil da ba wanda zai gani sai kai da editanka. Kowane mutum a labarin yana da shafinsa. Shafin tauraruwar da na ambata zai iya zama haka: shekara 16 a littafi na ɗaya, 17 a tsakiyar na biyu, bahaguwa ce, tabo a gira ta dama, ta same shi a babi na 9, tana tsoron ruwa mai zurfi, ba ta san mahaifinta yana da hannu a lamarin ba sai littafi na uku, babi na 4. Wannan layi na ƙarshe, wato wa ya san me kuma yaushe ya sani, shi ne mafi amfani a kundin gaba ɗaya. Ƙara taswirar wurare, jadawalin kwanaki, da dokokin duniyar labarin in akwai tsafi ko wata fasaha ta ƙirƙira.

Cika shi kake yi kana rubutu, ba bayan ka gama ba. Matasa suna karatu da lura fiye da yadda manya suke zato, kuma suna maimaita littafin da suke so. In tabon ya koma gira ta hagu a littafi na biyu, za su gani.

4. Rubuta na ɗaya, sannan ka zarce na biyu

Abin da ya fi komai wuya a nan murya ce. Babba mai kwaikwayon bakin yara nan da nan ake gane shi. Kada ka cika labarin da kalmomin yayi, domin kafin littafi na uku ya fito sun tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne yadda komai yake da nauyi a wannan shekarun: abota ta farko da ta lalace, kunya a gaban jama'a, ranar da yaro ya fara gane cewa manya ma suna ƙarya. Rubuta waɗannan da gaske, ba da idon wanda ya riga ya san cewa za su wuce ba.

Abu biyu suke kashe labarin matasa. Ɗaya wa'azi ne. Da zarar mai karatu ya ji ana yi masa nasiha ta bakin wani malami a cikin labarin, ya rufe littafin. In akwai darasi, bari ya fito daga abin da ya sami tauraron sakamakon zaɓinsa. Na biyu shi ne manya su zo su warware matsalar a ƙarshe. Yaran su ne za su fitar da kansu, ko da sun yi asara a hanya.

Wajen kayan aiki, Word ko Google Docs sun isa. Scrivener yana taimaka wa mai dogon aiki saboda yana ajiye babobi da bayanai wuri guda, amma na kuɗi ne kuma ba dole ba ne. Ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla.

Da ka gama zubin farko na littafi na ɗaya, ajiye shi ka shiga na biyu. Dalili: a na biyu ne za ka gano abubuwan da ya kamata ka shuka a na ɗaya, wani suna, wata wasiƙa, wani mutum da ya kamata ya gifta tun babi na 3. Muddin na ɗaya bai fita ba kana da ikon komawa ka gyara. In ya fita, an gama.

5. Masu karatun gwaji, sannan edita

Ba wa mutum biyar zuwa takwas su karanta, a cikinsu a sami matasa na gaske, da izinin iyayensu. Kada ka tambaye su «Ya yi daɗi?» domin kunya za ta sa su ce ya yi. Tambaye su a wane shafi suka ajiye littafin suka ɗauki waya, wa suka fi tsana, me suke zaton zai faru a na biyu. In mutum ɗaya ya koka da wuri, ra'ayinsa ne. In uku suka koka da wuri ɗaya, akwai gyara.

Bayan nan sai edita. Aikin mataki uku ne kuma a jere suke: gyaran ginin labari, gyaran jimloli, sannan tace kurakuran rubutu. Editoci galibi da yawan kalmomi suke caji. A ƙaddara an nemi santi ɗaya na dala a kowace kalma, littafi mai kalma 60,000 ya tashi dala 600, uku kuma dala 1,800. Yi lissafinka a kan jerin gaba ɗaya, ba a kan littafi ɗaya ba. Nemi editan ya gyara maka 'yan shafuka na gwaji kafin ku ƙulla, kuma in ya yi maka, riƙe shi har ƙarshen jerin.

Gargaɗi: kada ka biya kuɗin tace kurakurai alhali za ka sake taɓa babobi. Kuɗin ya tafi a banza. Sannan ka yi hattara da kamfanonin da suke kiran kansu mawallafa amma kai za ka biya su maƙudan kuɗi, su kuma riƙe haƙƙin littafin. Wanda ka biya ma'aikacinka ne, ba shi da rabo a haƙƙin mallakarka.

6. Bango da tsokacin baya

Buɗe rukunin da littafinka zai shiga a shagon intanet, ka dubi bangon littattafan da suka fi kasuwa. Launi, irin rubutu, akwai fuska ko babu. Bangonka ya yi kama da danginsa ta yadda za a gane irinsa da kallo ɗaya. Yi magana da mai zane a kan bango uku tun farko, don su fito kamar 'yan ɗaki ɗaya, da sunan jerin da lambar littafi a wuri guda. Girman bangon da shagon intanet na Amazon ya fi so ga littafin waya, wato wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta, shi ne tsawo 2,560 da faɗi 1,600 na ɗigon hoto. Rage bangon ya koma kamar girman babban yatsa ka duba: in sunan littafin bai karantu ba, a sake, domin a wannan girman yawancin mutane za su fara ganinsa. Tabbatar kana da lasisin hotuna da salon haruffan da aka yi amfani da su, a rubuce.

Tsokacin baya ba taƙaita labari ba ne. Wane ne, me yake so, me ya tare shi, me zai rasa. Kalma 150 sun wadatar. Dubi bambancin waɗannan biyu: «Labari ne mai cike da darussa, soyayya da ban tausayi» da kuma «An ce mata yayanta ya gudu ne. To me ya sa takalmansa suke ƙarƙashin gadonsa?» Na farkon kowane littafi zai iya ɗauka.

7. Tsara shafuka da lambar ISBN

Littafin waya a tsarin EPUB ake yinsa, na takarda kuma PDF. Akwai manhajojin tsara shafuka. Kindle Create na Amazon kyauta ne. Vellum yana fitar da aiki mai tsabta amma a kwamfutar Mac kaɗai yake aiki, Atticus kuma yana aiki a kowace iri. Girman da aka saba ga labarin matasa inci 5 da 8 ne, ko 5.5 da 8.5. In da Hausa ka rubuta, gwada haruffa masu lanƙwasa a salon rubutun da ka zaɓa, domin wasu salon akwati suke nunawa a madadin ƙ da ɗ da ɓ.

ISBN lambar shaidar littafi ce mai alƙaluma 13, kuma kowane nau'i da tasa: na takarda daban, na waya daban. Amazon yana ba da ta kyauta ga bugun takarda, amma a wajensa kaɗai za ta yi aiki. In kana son sunan maɗaba'arka ya fito, ka sayi taka daga hukumar da take bayarwa a ƙasarka.

Gargaɗi: yi odar kwafin gwaji ka riƙe shi a hannu kafin ka amince. Abin da ya yi daidai a allo yakan fito da rubutu ya nutse cikin ɗinki.

8. Zaɓi inda za ka sayar

Hanya biyu ce. Ko ka keɓe littafin wayarka ga Amazon ta shirin KDP Select (KDP shi ne dandalin Amazon na masu wallafa wa kansu), ko ka baza shi ko'ina.

KDP Select yarjejeniya ce ta kwana 90 mai sabunta kanta in ba ka cire alamar ba. A cikinta littafinka yana shiga Kindle Unlimited, shirin da masu karatu suke rajista su biya kuɗin wata su karanta littattafan da ke ciki, inda ake biyanka gwargwadon shafukan da aka karanta, kana kuma da kwana 5 na bayar da shi kyauta a kowane zango. Sharaɗin shi ne littafin wayar ba zai kasance a wani shagon intanet ba, har da shafinka. Bugun takarda bai shiga sharaɗin ba. Wannan hanya takan dace da jerin littattafai, domin mai rajista ba ya tunanin kuɗi kafin ya buɗe na gaba.

Ɗaya hanyar ita ce ka sa a Amazon ba tare da keɓewa ba, ka ƙara da Kobo, Apple Books, Google Play Books. Draft2Digital yana rarraba maka zuwa shaguna da dama da laburare, yana ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na farashi. IngramSpark kuma shi ne hanyar da shagunan littattafai da laburare suka saba yin odar bugun takarda, abin da yake da muhimmanci ga littafin matasa tunda makarantu manyan masu saye ne.

Ƙa'idar da Amazon ya daɗe a kanta ita ce kason marubuci kashi 70 cikin 100 ne in farashin yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, bayan an cire ɗan kuɗin tura fayil, kuma ga masu saye daga wasu ƙasashe da aka lissafa. In ba haka ba kashi 35 ne. Kuɗin yana zuwa kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin. Karanta sharuɗɗan da kanka ranar da za ka yi rajista, domin suna canzawa.

Gargaɗi uku a nan. KDP yana da jerin harsunan da yake karɓa, duba ko harshenka yana ciki kafin ka gina shirinka a kansa. Cika takardar haraji da kyau: wanda ba mazaunin Amurka ba ana cire masa har kashi 30 cikin 100 na cinikin Amurka, sai in ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da ita. Sannan tun 2023 ana tambayar ko an samar da rubutu, hoto ko fassara da ƙirƙirarriyar basira, har da bango. Faɗi gaskiya.

Wajen ɗorawa za a ba ka gurbin rukuni 3 da na kalmomin bincike 7. Cika su da abin da mai saye zai rubuta da hannunsa, ka sa iyakar shekarun masu karatu, ka kuma haɗa littattafan a shafin jeri guda.

9. Gyara shafin ƙarshe

Babu tallar da ta kai wannan shafi, kuma kyauta ne. Wanda ya kai ƙarshen littafinka ya riga ya yarda da kai. Nan take bayan jimlar ƙarshe, kafin godiya da tarihin marubuci, sa layi ɗaya mai jan hankali game da littafi na biyu, da mahaɗar da za ta kai shi wajen saye. Biye da shi babi na farko na littafi na biyun. Sannan gayyata zuwa jerin imel ɗinka, wato adiresoshin masu karatun da suka yarda ka riƙa aika musu saƙo, da tukwicin gajeren labari a kan wani da aka so a cikin littafin. MailerLite ko Mailchimp suna riƙe jerin, BookFunnel yana isar da kyautar.

Jerin imel naka ne. Mabiya a dandalin sada zumunta kuwa na mai dandalin ne, yau ya nuna musu saƙonka gobe ya ɓoye.

Gargaɗi: kada ka tara bayanan yara. Dokar Amurka ta hana karɓar bayanan 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye ba, wasu ƙasashen ma suna da irinta. Kada ka shiga hira ta sirri da ƙaramin mai karatu, komai kyawun niyyarka. Amsa a fili, inda kowa yake gani.

10. Shirin fitarwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata ɗaya ko biyu kafin ranar, raba kwafin share fage ga masu sharhi, ta jerin imel ɗinka ko ta shafukan da suke haɗa marubuta da masu sharhi, irin su NetGalley da BookSirens. Buɗe shafin marubuci a Amazon da Goodreads, dandalin da masu karatu suke sharhin littattafai. Sa littafi na biyu a yi odarsa tun kafin ya fito, don mahaɗar shafin ƙarshe ta sami inda za ta kai mutane. KDP yana ba da damar haka har shekara guda kafin ranar fitowa.

Gargaɗi: dole cikakken fayil ya shiga fiye da awa 72 kafin ranar, in ka saɓa ana iya hana ka wannan dama tsawon shekara. Kada ka sayi sharhi, kada ka sa 'yan gidanku su rubuta, kada ku yi musayar yabo da wani marubuci. Amazon yana goge irin waɗannan, yana iya rufe asusu ma. In aka yi maka mummunan sharhi, kada ka tanka.

Tazara tsakanin littattafan kada ta yi tsawo. Wata uku zuwa shida ya yi. Mai shekara 15 da ya so littafinka, in ka ɓata shekara uku, wani mutum ne daban za ka tarar.

11. Talla, da lissafinta

Zaɓi dandali ɗaya da za ka iya jurewa. Masu karatun matasa sun yi yawa a TikTok da Instagram, kuma abin da yake tafiya a can ba «ku sayi littafina» ba ne. Jimla ɗaya ce mai tsuma rai daga cikin labarin, ko yanayin da aka san masu karatu suna so, kamar abokan gaba da dole ta sa suka haɗa kai. Wattpad wuri ne na tara masu karatu da labarin kyauta, amma tuna sharaɗin keɓewa in kana cikin KDP Select. Kada ka raina malamai da ma'aikatan laburare: takarda ɗaya mai tambayoyin tattaunawa a aji tana iya sa a sayi kwafi da yawa a lokaci guda.

Tallar kuɗi, ta Amazon ko Facebook ko BookBub (shafin tallata littattafai), ka jinkirta ta sai littafi na uku ya fito ko ya kusa. Ga dalili da alƙaluman misali. Na ɗaya yana kan santi 99, kasonka kusan santi 35. Na biyu da na uku suna kan dala 3.99, kasonka kusan dala 2.70 kowanne. Mutum 100 sun sayi na ɗaya: dala 35. Hamsin sun zarce na biyu: dala 135. Arba'in sun kai na uku: dala 108. Jimla dala 278, wato kowane mai sayen littafi na ɗaya ya kawo maka dala 2.78. To in kowane latsa tallarka yana cin santi 20, kuma sai an latsa sau goma ake samun mai saye ɗaya, ka kashe dala 2 ka samu 2.78. Da littafi ɗaya kaɗai gare ka, ka kashe dala 2 ka samu santi 35.

Wannan lissafi shi zai gaya maka inda ciwon yake. Ana ganin talla ba a latsawa, hoton ko jimlar tallar ne. Ana latsawa ba a saye, bango ne ko tsokaci ko farashi. Ana sayen na ɗaya ba a zarcewa, to matsalar tana cikin littafin kansa ko shafinsa na ƙarshe, kuma ƙarin kuɗin talla ba zai gyara ta ba. Fara da ɗan kuɗin da ba zai dame ka ba in ya tafi, canza abu ɗaya a lokaci guda, ka ba shi mako biyu kafin ka yanke hukunci.

12. Bayan jerin ya cika

Haɗa ukun a kundi guda na waya, a farashin da ya gaza na sayensu ɗaya-ɗaya. Akwai masu karatu da yawa da ba sa taɓa jeri sai ya kammala, yanzu ne za ka same su, don haka ka rubuta a tsokacin kowane littafi cewa jerin ya cika. Koma ka sabunta shafukan ƙarshe na duk littattafan, mahaɗar na uku ta kai ga sabon aikinka ko ga jerin imel. In bangon na ɗaya ya fara tsufa idan aka jera shi da sababbin littattafan rukuninsa, sake shi, amma ka sake na ukun tare.